Inna Ta Sayar da Gidan Burodi

Shekara shida ke nan ba a hura wuta a gidan burodin ba, tun rasuwar maigidan Inna. Kwanon rufi ya yi tsatsa, kyanwoyi sun mamaye ɗakin kwaɓa fulawa. Inna ce ke riƙe da takardun wurin, don da sunanta marigayin ya saya.

A filin bayan ginin ne wasu matan unguwa suka roƙe ta aron kusurwa, suka shuka tumatir da latas cikin tsofaffin tayoyi. Wasa-wasa, daga mata huɗu suka zama ƙungiya mai rajista. Rannan shugabarsu, wata malamar makaranta da ta yi ritaya, ta zo mata da magana: suna son sayen wurin gaba ɗaya. Fili ya zama lambu, ɗakin kwaɓa ajin ɗinki, shagon gaba kuma a riƙa auna hawan jini kyauta.

"Ba zan ɓoye miki ba, Inna, abin da muka tara bai kai farashin kasuwa ba," in ji malamar.

Ran Asabar da hantsi sai ga babban ɗan Inna da wani dillali, turarensa ya riga shi shiga falo. Dillalin ya baje takardar zanen gini a tebur, har bisa kofin shayinta. Wai maigidansa zai rushe komai, ya malala siminti, ya yi wurin ajiye motoci. Kuma zai ninka abin da matan za su bayar.

"Mota nawa ce a layin nan?" Inna ta tambaya.

"Ai na masu zuwa kantunan babban titi ne, Inna."

"To su tako da ƙafa. Likita ma ya ce yana da amfani."

Ɗan ya kasa haƙuri. "Haba Inna! Saboda ganyen latas? Sai mutane su ce tsufa ne ya taɓa ki."

Maganar ta soke ta, amma ba ta bari ya gani ba. Ta cire tabarau ta dube shi sama da ƙasa.

"Lokacin da nake ƙona hannu a bakin wuta don ka yi karatu, da hankalina. Yau da na ce a'a ne ya gudu?"

Dillalin ya yi murmushi, ya ce tsohon gini irin wannan, wani na iya kai ƙara a ce haɗari ne.

"Kai ƙarar," ta ce, ta naɗe zanen ta miƙa masa. "Ina nan zaune. Ko na so gudu, gwiwa ba za ta bar ni ba."

Ran Litinin ta sa hannu a ofishin lauya, malamar na gefenta tana share ƙwalla. Ɗan bai zo ba, ya kuma yi sati uku bai kira ba. Abin ya ci mata rai, har abinci ya daina yi mata daɗi, amma ta ƙi ɗaga waya ta neme shi.

Ranar da ake kwashe ɓaraguzan fili, tana zaune a kujerar roba tana ba da umarnin da ba wanda ya nema, sai ta hango shi tsaye a bakin ƙofa.

"In gaisuwa ce, na amsa," ta ɗaga murya. "In aiki ne, ga baro can."

Ya ɗan jima a tsaye. Sannan ya kwance agogo ya sa a aljihu, ya nufi baron.