Saƙon da Bai Isa Birchi Ba

Yazid mutum ne da ba ya son ƙara. Ko agogon bango ne ya cika kaɗawa sai ya zare masa batir. To irin wannan mutumin aka ɗauko aka zaunar gaban kwamfutar wata ƙungiyar manoma a Dutsin-Ma, aka ce ya riƙa sa ido kan saƙonni.

Aikin ba wani wuya gare shi ba. Ƙungiyar na da rumbun bayanai mai ɗauke da sunan wakilin kowace gunduma da lambar wayarsa. In an rubuta sanarwa, na'ura ce ke duba jerin hanyoyi ta ga inda kowane saƙo zai bi, wannan Kurfi, wannan Ɗantutture, wannan Birchi. Duk wanda ya wuce sai ta rubuta a rajistarta. In ta rasa hanya kuwa, ta rubuta da ja, ta kama ƙara har sai an kula ta. Wannan ƙarar ce gogan naka ya kashe tun watan azumi, wai tana hana shi tunani. Rajistar ma ya daina buɗewa.

Gab da ruwan shuka aka aika sanarwa, aka raba irin gero mai saurin nuna a Kurfi. Kowace gunduma ta zo ta kwashi nata, ban da Birchi. Kafin labari ya isa can, buhu ko ɗaya bai rage ba. Mutane suka yi ca a kan wakilinsu, Malam Hudu, dattijon da ya shekara goma sha ɗaya yana yi musu wannan hidima. Suka ce saƙo ya same shi ya danne, don ya karɓe wa danginsa a ɓoye.

Hajiya Zaituna, shugabar ƙungiyar, ta kira Yazid a waya. "Ka tura wa Birchi kuwa?"

"Na tura, Hajiya. Gaba ɗaya na tura," in ji shi, yana ɓare gyaɗa. Ko kallon kwamfutar bai yi ba.

Ranar da za a zauna a Kurfi a sauke Malam Hudu, Hajiya ta ce Yazid ya bugo rajistar a takarda ya zo da ita shaida. Ya buɗe yana fito. Shafin farko lafiya lau, an aika sanarwa. Shafi na biyu ne ya tsayar masa da fiton. Jan rubutu har layi uku, duk abu ɗaya suke faɗa: Birchi, ba a sami hanya ba, an jefar da saƙon. Nan ya tuna ranar da aka kawo sabuwar kwamfuta, ya kwafe jerin hanyoyin da hannu yana sauri. Ashe Birchi ya tsallake.

Kunya ta rufe shi, har ya waiga ko akwai mai kallonsa. Kuma kada a yi masa ƙarya, shafin farko kaɗai ya fara bugawa. Har ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya bugo na biyun, ya ninke shi ya cusa a aljihu daban. A mota kuwa, tun daga Dutsin-Ma har Kurfi bai yanke wanda zai fitar ba.

Ya tarar an fara. Malam Hudu na tsaye gaban manoma kusan talatin, ya ajiye wayar ƙungiya kan tebur.

"Wallahi ban danne komi ba," yake cewa. "Amma tunda an ce na'ura ta aiko, to ta aiko, ita ba ta ƙarya. Idona ne ya hwara rauni. Wataƙila ni na goge shi ban sani ba. Ku gahwarce ni, ku ba wani."

Wannan ne ya gama da Yazid. Da tsohon ya yi rantsuwa ya zage kowa, da sauƙi. Yazid ya miƙe ya zaro shafi na biyu.

"Hajiya, saƙon bai fita ba. Ni na manta da Birchi, ni kuma na kashe ƙarar da za ta gaya mini. Da kika tambaye ni ban duba ba."

Hajiya ta karɓi takardar ta karanta, ta ɗago ta dube shi. Ta tura wa Malam Hudu wayar. "Baba, ɗauki abinka. Mun zalunce ka."

Tsohon bai taɓa wayar ba. Ya juyo wajen Yazid. "Ɗana, kenan ba ni na goge shi ba?"

"Ba kai ba ne, Baba."

"Alhamdu lillahi." Ya dubi manoman da ke wurin. "To amma waɗanga da ke nan ba su ne Birchi ba. Can, kwana tara ke nan in na shiga sahu mutum shi ja gefe. Ko na kai takardar nan, cewa za su yi ni na sa aka rubuta. Ka zo ran Juma'a, in an sallame, ka hwaɗa masu da bakinka."

"Zan zo, Baba," in ji Yazid, kansa a ƙasa.

"Ka zo da wuri. Tare za mu shiga sahu."