Eugene Ya Ƙi Bin Kamfani

Tun garin nan yana amsa sunan Abuja, kafin a mai da shi Suleja, wani kamfanin gina hanya ya kawo wani makanike mutumin Togo mai suna Eugene, don ya kula da manyan injunansu a gindin Dutsen Zuma. Takardar zamansa ta ƙwararren ma'aikaci ce, kuma da sunan kamfanin aka yanke ta. Muddin yana yi musu aiki, ƙasa ta karɓe shi. Ranar da suka sallame shi kuwa, sai ya tattara nasa ya nasa.

Abin bai taɓa damunsa ba, har ya auri Asibi, mai sayar da abinci a bakin kasuwa, suka kama haya a unguwar Magajiya, Allah ya ba su 'ya mace, Hilda.

Da kwangila ta ƙare, manajan wurin, Romanus, ya tara ma'aikata ya ce kowa ya ɗaure kayansa, za a koma kudu. Eugene ya same shi gefe ya ce shi ba zai je ba. Surukarsa ta tsufa, Asibi ba za ta bar ta ba, shi kuma ba zai bar Asibi ba. Romanus bai ɗaga murya ba. Ya tuna masa cewa takardarsa ta kamfani ce, in ya ƙi shiga mota to takardar ta mutu, jami'an shige da fice kuma za su raka shi bakin iyaka.

Eugene ya ce, "Oga, hannuna kuka ɗauka haya, ba ni kuka saya ba. Ku sauka lafiya."

Sai da motocin suka ɓace tsoro ya kama shi. Ya kasa cin abinci. Asibi ta ce ba zama ya kama shi ba, ta ja shi wurin mai gidan da suke haya, Malam Bamalli. Dattijon ya saurara, ya ɗauki hularsa, ya ce gobe su kama hanyar Kaduna.

A can ofishin shige da fice wani jami'i ya warware musu zare da abawa. Ya ce takardar aiki tana fita da wuri, amma igiyarta na hannun wanda ya ɗauke ka. Ta zaman dindindin kuwa taka ce, ka yi sana'ar da ka ga dama, sai dai tana son shekaru, da shaidu, da haƙuri, kuma ana iya hana ka. Ya ba shi shawara ya nemi wani kamfani ya tsaya masa, ya huta.

"Ranka ya daɗe, na gaji da zama da izinin wani," in ji Eugene. "Mai wuyar nake so."

Malam Bamalli ya ce shi ne shaida na farko.

An ba shi izinin wucin gadi. Ya kafa rumfar gyaran injin niƙa a bayan tasha, yana zaryar Kaduna har direbobi suka san shi. Sau da yawa ana ce masa ya dawo wani watan, wani lokacin ma a ce ba a ga takardunsa ba. Wani ɗan kwangila ya yi masa tayin aiki da takarda sabuwa, ya ce a'a.

Hilda ta shiga firamare kafin amsa ta zo. An amince. Ranar Asibi ta rufe tukunya da wuri, ta kai wa Malam Bamalli tuwo da miyar kaza, Eugene kuwa ya koma rumfa, don akwai injin wata mata da ya yi alkawarin gamawa kafin la'asar.