Numfashi Ɗaya Tak

Jaririyar ta zo duniya ranar Talata da hantsi, ba ta yi kuka ba. Ungozoma ta juya ta, ta ɗan mare ta, ta hura mata iska a hanci, shiru. Da ta ga ba abin da zai canza sai ta naɗe ta a tsumma, ta miƙa wa uban a bakin ƙofa, ta kasa kallon idonsa.

Aymon mai saran itace ne, ba shi da yawan magana. Ba mutuwar ce ta kashe masa jiki ba, don mutuwar yara a garinmu ba labari ba ce, shi da matarsa Perrine sun riga sun binne biyu. Amma waɗancan biyun sun sami ruwan baftisma, suna da suna, suna kwance cikin katangar coci inda iyayensu za su kwanta wata rana. Wannan kuwa ba ta samu ba. Wanda ya mutu babu baftisma ba shi da gurbi a maƙabarta, ba shi da gurbi a Aljanna. Malaman coci sun ce ba a ƙona shi, sai dai yana can wani wuri mai duhu-duhu har abada, ba ya ganin fuskar Ubangiji, ba ya ganin ta uwarsa.

Ya je wurin limamin cocinmu, Fada Ansel, mutumin kirki amma mai taurin kai irin na jaki.

"Ɗana, ba a yi wa gawa baftisma," in ji Fada. "Ka kai ta bayan katanga."

Bayan katanga kuwa kowa ya san shi. Ƙaya ce da tudun ƙasa ƙanana-ƙanana, ba gicciye ko ɗaya, aladu na tono. Mata ba sa bi ta nan ko da rana tsaka, don sun ce in iska ta kaɗa akan ji wani abu kamar kukan da bai gama fitowa ba.

Perrine na kwance, fuska ta yi fari fat. Da ya gaya mata sai ta damƙi rigarsa.

"Ka kai ta Dutse, Aymon. Ka kai ta wurin Uwa Maryamu."

"Tafiyar kwana biyu ce, ga ƙanƙara, ke kuma ba lafiya."

"Ni na sami ruwan baftismata, ƙyale ni. In ka jefa ta cikin ƙayar nan, ka haƙa rami biyu."

Ya sa jaririyar cikin akwatin ajiye cuku, ya ɗaure a bayansa, ya cusa baƙin burodi da albasa a riga, ya kama hanya. Akwatin ba shi da nauyin komai, amma tun kafin ya wuce gadar farko ya fara ji kamar ana jan sa ta baya. Sau uku ya tsaya cikin daji ya kwance igiya ya kara kunne a jikin katako, don ya ji motsi. Kowane karo ba komai, sai ƙarar dusar ƙanƙara tana zubowa daga rassa.

Ɗakin Uwa Maryamu na kan dutsen Valcombe ƙarami ne, bangonsa ya yi baƙi da hayaƙin kyandir. A can ne Uwa takan roƙa wa jariran da suka zo a mace rancen numfashi ɗaya, gwargwadon yadda za a zuba musu ruwa a kira suna, sannan su koma. Tsofaffin mata ne ke tsaron wurin, babbarsu Guigone, gajeriya mai haƙori biyu da baki kamar reza.

"Kai kuma daga wane rami? Rufe mana ƙofa, so kake ka kashe mana wuta?" Ta karɓi akwatin ta buɗe. "Kwana nawa?"

"Biyu, Iya."

"To, da sauƙi. Makon jiya wani ya kawo mana na kwana sha ɗaya, tono shi ya yi. Na ce bawan Allah, Uwa Maryamu ce fa, ba mai gyaran fasasshiyar tukunya ba."

Sauran matan suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Amma da ta zo ɗaukar jaririyar, hannunta ya yi laushi. Ta kwantar da ita a kan dutsen bagade, wato teburin ibada, gaban siffar Uwa da aka sassaƙa da itace, ta matso da kaskon garwashi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Sai ta zaro gashin dinya, fari, ƙarami, ta ɗora a kan leɓen jaririyar.

"Ka ga wannan? Shi za ka kalla. In ya motsa, ko kumatu ya yi ja, mu kira Fadanmu na nan a guje. Ban da taɓawa, ban da hurawa. Za ka dafa Linjila ka rantse, ka ji na gaya maka."

Ya durƙusa. Matan suka kama addu'a, ɗaya ta gaji ɗaya ta karɓa. Ranar farko ta wuce. Rana ta biyu wasu mata da miji suka zo da ɗa namiji, kafin garwashi ya huce jini ya ɗiga daga hancinsa, aka kaɗa ƙararrawa, aka sa masa suna, uwar ta fita tana kuka tana dariya. Aymon ya ji ƙyashi ya cika masa ciki, ya kuma ji kunyar kansa. Ya koma kallon gashin har idanunsa suka fara gaya masa ƙarya.

Rana ta uku da safe Guigone ta dafa kafaɗarsa.

"Ɗan nan, hancina ba ya yaudarata. In aka kaɗa ƙararrawar tsakar rana ba mu ga komai ba, sai haƙuri. Mu ma muna da bayan katanga."

Ya ci gaba da kallon gashin. Rana ta ɗaga, haske ya sauko ta taga ya kwanta a kan bagade. Matan sun gaji, biyu na gyangyaɗi, Guigone ta sunkuya tana gyara garwashi. Can waje ya ji takun mai kaɗa ƙararrawa ya nufi igiya. Aymon ya sunkuya don ya yi wa 'yarsa sallama, sai ya tarar ba shi da sunan da zai kira ta da shi. Kukan da ya danne kwana biyar ya ƙwace daga ƙirjinsa, guda ɗaya, mai ƙarfi.

Gashin ya ɗaga, ya juya, ya sauka a haɓarta.

"Ta yi numfashi!" wata ta ƙwalla ihu. "Uwa ta amsa! A kira Fada!"

Guigone ta ɗago ta dube shi. Kallo ɗaya ne, ba daɗewa. Sannan ta juya ta daka wa matan tsawa su kawo ruwa.

Limamin wurin, Fada Thibaut, ya shigo da gudu yana haki. Ya tambayi suna, Aymon ya ji bakinsa ya ce Alix, sunan da Perrine ta daɗe tana so. Fada ya zuba ruwa sau uku.

"Alix, in kina da rai, na yi miki baftisma."

Haka ake faɗa a can, don ko an ruɗi mutane ba a ruɗi Ubangiji ba. Daga nan aka buɗe Linjila. Guigone ce ta fara dafawa.

"Na ga gashi ya tashi, Fada. Abin da na gani ke nan, ba ƙari."

"Kai fa, ɗana? Kai ne kusa da ita. Ka rantse ba iska ba ce, ba hannu ba, ba bakin mutum ba?"

Aymon ya san farashin rantsuwar ƙarya a kan Linjila, yaron goye ma ya sani: wuta ce, ba fita. Ya kuma san ƙayar nan da aladunta. Ya ce a ransa wataƙila lokaci ɗaya suka yi numfashin, shi da ita, wa ya sani? Ya ɗora hannu. Fatar littafin ta yi sanyi kamar dutse.

"Na rantse."

Aka binne Alix a farfajiyar ɗakin, cikin ƙasa mai tsarki, aka kafa mata ɗan gicciye. Da zai tafi Guigone ta cusa masa cuku a riga.

"Ka ci a hanya, ka yi kama da fatalwa. Kuma kada ka zama mai yawan surutu da tsufa."

Perrine ta warke. Ranar da ya dawo ta tashi zaune ta sha romo kwano biyu. Ta sa shi ya ba ta labarin, ta sa shi ya sake, ta kira maƙwabta ya ba su. Kullum wurin gashin take so ya tsaya.

"Yaya ya tashi? Nuna mini da hannu."

Ya nuna mata da hannu.

Sai azumi ya ƙare, Ista ta matso, lokacin da kowane baligi dole ya furta zunubansa ya karɓi gurasa mai tsarki. Wanda ya ƙi, gari ya san yana ɓoye wani abu. Wanda ya karɓa da zunubi a ciki kuwa, hukuncinsa ya haɗiya da bakinsa. Aymon ya durƙusa gaban Fada Ansel ya faɗi zagin da ya yi wa saniya, da itacen da ya sara a dajin mai gari. Ya san in ya faɗi zunubin rantsuwar ƙaryar, Fada ba zai yafe masa ba sai ya koma Dutse ya warware rantsuwarsa. Za a tono Alix, Perrine kuma za ta ji.

"Akwai saura, ɗana?"

"Shi ke nan, Fada."

Ranar Ista coci ya cika. Layin karɓar gurasa ya yi ta tafiya har ya rage mutum ɗaya a gabansa, sai ya tsaya cak. Yana jin zufa na bin bayansa cikin wannan sanyi. Perrine na bayansa da sabon mayafi, kumatunta sun ciko, rabon da ya ga ta yi kyau haka tun suna samari. Ta ɗan zungure shi da yatsa, tana murmushi.

"Matsa mana, Aymon, kana tare mutane."

Ya matsa, ya durƙusa, ya buɗe baki don karɓar gurasar.