Faifan da ke Bangon Inna Talatu

Shekara shida ke nan Mas'udu yana tara tsofaffin faya-fayan garmaho. Gyaran rediyo ne sana'arsa, a wani ɗan shago bayan tsohuwar kasuwar Gusau, kuma ta nan abin ya shige shi. Faya-fayan sun haura ɗari huɗu, jere a tsaye cikin kwalayen taliya, amma wanda ya fi nema babu shi a ciki.

Baba Yari ne ya ɗora masa wannan nema. Tsoho ne mai ɗinkin keke a Bungudu. Wata rana ya kawo rediyonsa gyara, ya ga kwalayen, ya daɗe yana kallo, sannan ya fara magana. Ya ce zamanin da masaƙar Gusau ke aiki, jirgin ƙasa na shigowa gari kullum, su huɗu suka kafa ƙungiya mai suna Tartsatsi. Jitar lantarki biyu, gangunan Turawa, da mai waƙa. Kiɗan rok suke yi mai tsananin ƙara, irin wanda ke sa kwanon rufi rawa, amma waƙar da Hausa. Har Legas suka je aka buga musu faifai guda, waƙa ɗaya gaba, ɗaya baya.

Mas'udu ya rubuta duk wannan a littafi. Ya bi tsofaffin ma'aikatan masaƙa da na jirgi, wani ya ce ya tuna, wani ya ce ƙila. Faifan dai babu. A majalisar Baba Yari kuwa abin ya zama na tsokana.

"Yari, ina jitar taka? Ko ita ma ɓera ya ci?"

Tsohon ya daina ba da labarin. Ko Mas'udu ya tambaye shi sai ya ce, "Bari dai, ɗana. Wataƙila mafarki na yi." Wannan magana ce ta hana Mas'udu sakat. Shi ya tono abin, shi ya ja wa dattijo dariya.

Da ƙyar ya samo cewa Inna Talatu, matar Buba mai gangar Tartsatsi, tana nan da rai a Kucheri, kusa da Tsafe. Ran wata Laraba da hantsi ya rufe shago ya shiga motar Tsafe.

Inna Talatu ta karɓe shi a ɗakinta, ɗakin ƙasa mai sanyi, ta sa aka kawo masa fura. Ta saurare shi har ya gama.

"Allah ya jiƙan malam Buba," ta ce. "Tun da munka dawo gona ya saida gangunan ya sai shanun huɗa. Ba abin da ya bari na wannan shiririta."

Mas'udu ya rufe littafinsa. Yana shan fura idonsa ya kai bango. An kafa farantan tangaran a jikin laka, jere bisa gado, yadda magina ke yi wa ɗakin mace ado. Guda bakwai masu furanni ne. Na takwas ba fure, an shafe shi da farar ƙasa, kuma akwai ɗan rami a tsakiyarsa.

"Inna, wancan na ƙarshe fa?"

"Wanga? Ai da anka zo gini faranti guda ya fashe. Magini ya ce jere ba ya kyau da giɓi, malam ya shiga akwati ya ɗauko mashi wani baƙin abu. Ni ko ban son baƙi, duk sallah nika shafe shi."

Mas'udu ya ajiye ƙwarya a hankali. Ya roƙe ta ta bar shi ya cire.

"In bar bangona da wawulo kamar bakin tsohuwa? Nawa ya ishe ni. Je ka kawo faranti daidai shi, mai fure, ba na roba ba."

Ya shiga kasuwar Tsafe da zare a aljihu, awon faɗin gurbin. Sai a rumfa ta biyar ya dace. Ya dawo ana kiran azahar, ya yi salla, ya hau gado ba takalmi, ya zaro sukundireba. Ya soka a gefe ya ɗan banƙara. Wani abu ya ce ƙas. Ɗan ɓalli baƙi kamar farce ya faɗo kan tabarma.

"Sauko, mai rediyo," in ji Inna Talatu. "Kai komi sai ka kwance shi da ƙarfe? Laka da ruwa anka yi ta, ruwa kaɗai take jin magana."

Ta jiƙa tsumma ta naɗa shi kewaye da faifan, ta ce ya sake hawa ya riƙe. In ya sha iska a sake jiƙawa. Haka mata ke cire farantansu in za a rushe ɗaki, ta ce, ba a taɓa fasa ko ɗaya ba. Ya tsaya hannu sama har kafaɗarsa ta yi tsami, ita kuwa tana zaune tana tsinkar zogale tana ba shi labarin Buba, yadda yake kaɗa bayan ƙwarya da yatsu in ana jiran tuwo, har yara su taso. Mas'udu ya so ya rubuta, ba hannu. Sai ya saurara.

Gab da la'asar lakar ta yi laushi. Ta miƙo masa cokalin katako. Ya yi ta yaƙuta kaɗan kaɗan, sai faifan ya saki ya kwanto a tafinsa. Fuskar waje ta mutu, shafe-shafen shekara arba'in ya cinye layukan. Ya juya bayan. Laka ce dam, amma da ya goga da yatsa, takardar tsakiya ta fito ja, da rubutu: Tartsatsi, Gusau.

Ya kafa mata sabon farantin da kansa kafin ya tafi. Ta ce ya karkace, ya gyara.

Kwana uku yana wanke bayan faifan da ruwa da auduga. Bai ɗora masa allurar garmaho ba. Ya ga bai kamata kunnensa ya riga na mai abu ba. Ran Asabar ya ɗaure garmaho da batir a bayan babur ya nufi Bungudu, ya tarar da majalisa ta cika a gindin dalbejiya.

"Mai rediyo ya kawo wa Yari jitarsa," wani ya ce, aka yi dariya.

Mas'udu ya kwance garmaho daga babur. Ya haɗa waya, ya tsallake inda ya ɓalle, ya sauke allura. Da farko shuuu kawai ake ji, kamar ana soya gyaɗa. Baba Yari ya sunkuyar da kai kan kekensa. Sai ganga ta faɗo, jita ta biyo ta da wani irin kuka mai kaushi, har awakin da ke kwance suka miƙe. Wata murya ta shiga waƙar jirgin Ƙaura da ya makara.

Allura ta kai ƙarshe. Yatsun hagun Baba Yari suna motsi a kan gwiwarsa kamar yana danna jita.

"Yari," in ji wanda ya yi tsokanar, murya ƙasa ƙasa, "wai kai ne wannan?"

"Ni ne mai kukan nan na tsakiya. Buba ya yi sauri wajen amshi, na gaya mashi tun a Legas." Ya share ido da hannun riga, ya juya ga Mas'udu. "Ka zo da littafinka? Ai ba mu kaɗai ba ne. Akwai wasu yara a Sabon Gari, sun fi mu hauka. Mai jitarsu na nan Furfuri yana kiwon tumaki."

Mas'udu ya laluba aljihu ya ciro biro.

"Dakata," in ji tsohon. "Maida allurar tukuna."