Sandata a Bayan Sikeli

Ni dai likitan nan ne ya ja mini. Na je a duba mini gwiwa, sai ya jawo wata taswira ya nuna wa ɗana. Wai tsofaffin birni irin namu ƙiba ta yi musu yawa, na ƙauyukan tudu kuwa cas suke. To sai me? Su da ke hawa dutse neman ruwa, ina za su ga ƙiba?

Muna komawa gida ɗana ya kafa doka. "Inna, wata uku. In ba ki rage kilo biyar ba, zan kai ki tudu wurin ƙanwarki."

Ƙanwata! Matar da ko gishiri sai ta ƙirga. In bar jikokina da fankata in koma can? Wallahi tsoro ya kama ni.

Na gwada rage cin, kwana biyu. Rana ta uku aka kama ni a bakin tukunya.

Ranar awo sai na lura da ma'aikaciyar asibitin. Baiwar Allah ba ta kallon mutum, sunkuyawa take tana karanta lamba. Na hau sikeli, na saki mayafi har ƙasa, na kafa sandata a baya na ɗan jingina. Kilo uku suka tafi.

"Sannu da ƙoƙari, Inna," in ji ta.

Wata na biyu na ƙara jingina. Na uku kuwa, zalama ta kai ni, na ɗora wa sandar rabin jikina.

Likita ya duba kati, fuskarsa ta canza. Kilo goma sha huɗu, ba dalili. Ya ce irin wannan ramar ba ta alheri ba ce, za a ba ni gado, a ɗebi jini, a zura mini wata roba a ciki. Ko robar na so in haƙura da ita, don dai kada in je tudu.

Sai na leƙa baranda. Ga ɗana, ƙaton mutum mai furfura, ya haɗa kai da bango yana kuka har kafaɗunsa na rawa. Raina ya ɓaci da kaina, kunya ta rufe ni.

"Kai, zo nan. Riƙe mini sandar nan."

Na tattare mayafi na hau sikeli. Na ma ƙara kilo biyu a kan nauyina na farko.

Ma'aikaciya ta riƙe baki. Ɗana ya durƙusa ya rungume ƙafafuna. "Alhamdu lillahi, Inna ta yi ƙiba!"

"To, yaushe za ka kai ni?" na ce.

"Ba inda za ki."

Sai dai bai ƙyale ni ba. Kullum da safe kafin ya tafi aiki yake kama hannuna mu zaga layinmu sau uku, ina haki ina zaginsa. Shekara tara ina gidansa, ban taɓa samunsa ni kaɗai ba sai yanzu.