Hayaƙin Lalla Zuhur

A lungunmu na tsohon garin Maknas ba a tambayar mutum ko ya yi layya, hayaƙi ake dubawa. Da an sauko daga Idi an yanka, kowane gida zai hura gawayi a saman soro, a naɗe hanta da kitsen ciki a jera a tsinke, kafin azahar lungun ya turnuƙe har ido na yaji. Gidan da hayaƙi bai tashi ba, sunansa na bakin mata har Sallar baɗi.

Ni Mubaraka wannan bai taɓa hana ni barci ba. Mijina ya daɗe da rasuwa, kowa kuma ya san ranar Salla a gidan Hajji Tuhami mai shagunan yadi nake wuni ina wankin tumbi. Talaucina a fili yake. Wadda abin ya dama maƙwabciyata ce, Lalla Zuhur, da katanga ɗaya ta raba mu.

Mijinta Si Allal baduku ne, takalman fata yake ɗinkawa, kuma a zamaninsa mutum ne mai ji da kansa. Da hannunsa yake yanka ragonsa, ya aika da kafaɗa gidan wane, cinya gidan wance, ni kaina na ci rabona ba sau ɗaya ba. Sai ɓarin jikinsa ya shanye. Ya koma kwance a ɗakin ƙasa, ido ya dushe, hawa soro kuwa sai dai labari. Ɗansu ɗaya ya haye teku neman aiki, shiru kake ji. Da maɓallan jallabiya da Zuhur ke saƙawa suke cin burodi da zaitun, ta kuma ɓoye masa cewa kayan shagon sun daɗe da ƙarewa.

Duk Salla sai ya tambaya, bakinsa a karkace.

"Zuhur, ragon fa?"

"Yana sama, Si Allal. Ba ka ji kukansa ba?"

To ana saura kwanaki Salla wane soro ne babu kukan rago? Sai ya kasa kunne ya yi murmushi ya ce, "Wannan da ji mai ƙaton wuya ne." Ranar Salla ta hau sama ta hura gawayi, ta riƙa jefa guntayen kitse da ta sayo a ɓoye, hayaƙi ya tashi kamar na kowa, ƙamshi ya sauko masa ta matakala. Da yamma in na dawo, sai in miƙa mata rabin hantar da aka sallame ni da ita ta kan katanga. Ta gasa ta kai masa, ya ci tsinke ɗaya ko biyu da shayin na'ana'a, ya yi hamdala, ya ce ta tabbata ta aika wa Mubaraka nata rabon. Haka muka yi shekaru muna yi, ba mu taɓa zama mun yi zancen ba.

Bari in faɗi gaskiya a kan Hajji Tuhami, tunda shi ba zai faɗa ba. Ba tausayi ke sa shi rabon nama ba, tsoron wari ne. Raguna uku yake yankawa, a shanya wani a soya wani, sauran kuwa in bai bayar ba zai lalace, shi kuma asara ta fi masa ciwon haƙori zafi. Sai a shekarar da nake ba ku labari ya sayo firiza. 'Yan dako suka shigo da ita lungu suna nishi, fara, doguwa kamar makara, har da kwaɗo a jiki. Tun da na gan ta na san rabonmu zai ragu.

Na wuni a bakin famfo ina wankin hanji har yatsuna suka yi fari. Da la'asar matarsa Lalla Batul ta miƙo mini ƙunshi. Na buɗe, huhu ne da ƙafafu biyu.

"Lalla, hantar fa?"

"Ke Mubaraka, ba ki da ta ido. Hanta ta shiga sanyi, Hajji ya ce har azumi za mu kai muna ci."

"Ko ɗan yanki ne, Lalla. Don Allah."

"Tsufa ya zo miki da kwaɗayi ke nan? Huhu ai ya fi taushi ga mai haƙora irin naki."

Na ɗauki ƙunshina na fito. Da na miƙa wa Zuhur huhun ta kan katanga, ta daɗe tana kallonsa. Baduku da ya yi shekaru yana feɗe rago ba za ka naɗe masa huhu ka ce hanta ba ce. Ta sauka ta ce wa Si Allal mahauci ya ga tsutsa a hantar ya zubar, gobe in an sassara ragon zai sha romon kafaɗa. Ina jin muryarsa ta taga yana cewa, "Kash. An cuce ki a kasuwa, baiwar Allah. Da ni na je da ban sayo shi ba."

Kashegari ake sassara nama, na koma gidan Hajji da sassafe da niyyar ko ta halin ƙaƙa sai na fito da abin yin romo. Soronsu ya fi na kowa tsawo a lungun. Muna shanya nama a igiya, Lalla Batul ta leƙa ƙasa ta tsaya.

"Zo ki gani. Soron su Zuhur ba fata. Jiya sun fi kowa hayaƙi, yau ba fata a shanye, ba igiyar nama, ko ƙaho babu."

"Sun ba masallaci fatar," in ji ni.

"Har da kashin ragon suka ba masallaci? Dubi daɓen nan, tas kamar an lashe." Ta tafa hannu tana dariya. "Oh ni Batul! Ashe hayaƙin ƙarya muke shaƙa. Hajji! Hajji, zo ka ji abin al'ajabi!"

Hajji ya hawo yana haki, da mabuɗin firiza a wuyansa. Ya ji labari ya hau shafa gemu. Na san wannan shafa gemun, irinsa yake yi in ya hango riba a yadi.

"Allal ɗin da ko gaisuwa sai ya ga dama? Ikon Allah. To ai haƙƙin maƙwabtaka ya hau kanmu. Batul, haɗa musu wani abu."

"Sidi Hajji, ka ba ni in kai," na ce. "Ta kan katanga zan miƙa, ba wanda zai gani. Mutumin bai san halin da suke ciki ba."

"Ji mini mata! Sadakata ce zan bi da ita ta katanga kamar kayan sata? Ku talakawa girman kanku ne ya hana ku ci gaba. Wanda yake so ya buɗe baki ya ce yana so."

"Na roƙe ka don darajar ranar nan."

"Koma bakin famfonki."

Ban koma ba, na bi su. Hajji ya sa farar jallabiyarsa, ya ɗora wa babban ɗansa faranti a kai ba ko rufi, wuyan rago ne da kitse da 'yan ƙasusuwan haƙarƙari. Tsakanin ƙofarsa da tasu ba nisa, amma sai da ya tsaya gun mai gidan burodi, ya tsaya gun masu babbake kawunan raguna, duk wanda ya ce ina zuwa Hajji sai ya sauke murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Gidan Allal. Bayin Allah ba su samu yi ba bana."

Zuhur ta buɗe ƙofa ta ga faranti, ta ga mutanen da ke bayansa. Ta tare ƙofar da jikinta.

"Sidi Hajji, barka da Salla. Yana barci. Kawo in karɓa, Allah ya saka."

"A'a, a gaida mara lafiya ai lada ne." Ya raɓa ta ya shige.

Si Allal na jingine da matashi, an sa masa hular Salla. Ya ji muryar baƙo ya gyara zama iya yadda zai iya.

"Hajji ne? Lale, lale. Zuhur, ɗora shayi. Ki sauko wa Hajji da kafaɗa guda ya tafi da ita, kada ya fita hannu sake."

Hajji ya yi dariya har tumbinsa na rawa.

"Wace kafaɗa, Allal? Bar wahalar da baiwar Allah. Mun san komai, ba abin kunya ba ne. Ga naku nan na kawo. Baɗi ma in rai ya kai, ku daina ƙona kitse a banza, ku aiko kawai a duba muku."

Hajji ya jira godiya, bai samu ba, ya yi addu'a da ƙarfi shi kaɗai ya shafa, ya ce a dawo masa da farantin. Na raka shi da ido, kuma Allah ya sani abin da na roƙa masa a zuciyata ba alheri ba ne.

Zuhur ta durƙusa a gefen shimfiɗa. Si Allal bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya cire hular ya ajiye.

"Zuhur."

"Na'am, Si Allal."

"Ragon bara fa?"

Ta kau da kai.

"Na bara waccan?"

Ta kifa kai a kan bargo. Ya jinjina kai a hankali, ya juya fuskarsa bango.

Ta dafa wuyan ragon da yamma, ta yi romo mai kyau da albasa da citta, ta kai masa. Bai buɗe baki ba. Kashegari ma haka. Daga baya yakan karɓi ruwa da ɗan burodi in ta yi kuka, amma nama bai sake shiga bakinsa ba, bai kuma sake tambayar ta komai ba, ko me aka dafa, ko wa ya buga ƙofa. Kafin Ashura Allah ya yi masa rasuwa, muka wanke ɗakin.

Ranar zaman makoki ina rarraba shayi, na ji Hajji Tuhami a cikin maza yana share ido da gefen hannun riga. Yana ce musu shi dai ya gode wa Allah, naman ƙarshe da marigayin ya ci a duniya, shi ya kai masa da ƙafarsa. Maza suka ce Allah ya ƙara arziki.

Da Salla ta zagayo, lungu ya turnuƙe kamar kullum. Na leƙa ta kan katanga da ƙunshin huhuna. Zuhur na zaune a saman soro tana saƙa maɓalli, murhun na kife a gefenta.