Aradu a Tsakiyar Rani

Tun ranar da Sallau ya ji labarin dutsen nan a rediyo bai ƙara cin tuwo da kwanciyar hankali ba. Yana zaune a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗar iri, sai ya ji mai karanta labarai yana cewa masu binciken sama sun hango wani dutse yana yawo can cikin taurari, girmansa ya kai filin ƙwallo, kuma mai yiwuwa ne wata shekara hanyarsa ta haɗu da ta duniya. In ya sauka a kan gari kamar Magarya, ko kaza ba za ta tsira ba.

Washegari ya tafi lakwal, makarantar boko, ya tsaya a bakin taga har malamin yaran garin, Mushe Abdul Razak kamar yadda ake kiran malaman boko, ya fito shan iska.

"Baba Sallau, kwantar da hankalinka," in ji Mushe. "Manyan ana hango su tun suna nesa. An ma taɓa aika wani inji ya je ya tunkuyi ɗaya kamar yadda rago ke tunkuyar ɗan'uwansa. In aka ɗan karkata shi tun yana can, kafin ya iso ya bi ta gefe ya wuce."

"Ƙananan fa?"

"Su kullum zuwa suke. Yawancinsu iska ke ƙone su. Wanda ya rage sai ya faɗa daji ko teku, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya."

"To su wa ke tunkuɗe su?"

Mushe ya yi dariya. "Su kam babu kowa, Baba."

Wannan dariyar ce ta sa Sallau ya ɗauki diga. Kwana goma sha ɗaya yana haƙa rami a bayan ɗakinsa, har zurfinsa ya shanye tsayin mutum ya yi saura. Ya jera azara a kai, ya shimfiɗa kara, ya zuba ƙasa, ya bar ƙofa guda da tsani. Duk garin nasu, Rijiyar Ɗela, babu wanda bai zo kallo ba. Wasu suka ce Sallau ya hutar da jama'a, ya haƙa kabarinsa da kansa. Matarsa Furera ta ce tunda an haƙa, a bar ta ta riƙa ajiye randa a ciki, ruwa zai fi sanyi.

Ana cikin haka aka sace injin ban ruwa a lambun Husaini, mai rake mafi yawa a fadamar garin. Husaini ya ce ɗan Sallau ne, Tijjani, don an gan shi ya bi ta gefen lambun da amalanke. Tijjani ɗan fari ne, shekararsa ashirin da biyar, ƙato mai saurin fushi. Aka tara su a zauren mai gari. Kafin mai gari ya gama tambaya, Tijjani ya miƙe tsaye ya nuna sama da yatsa.

"In ni na ɗauki injin nan, aradu ta faɗo mini kafin kwana bakwai! Kwarankwatsa dubu!"

Sai Husaini ya kece da dariya.

"Ku ji ɗan wayo! Rantsuwar aradu a tsakiyar rani? Ina ka ga hadari? Ka bari damina ta sauka ka sake faɗa in ka isa."

Aka tashi ba a yanke komai ba. A hanyar gida Sallau ya yi ta yi wa ɗansa faɗa, ya ce ba a wasa da irin wannan rantsuwa. Tijjani ya ce shi bai ɗauka ba, me zai ji wa tsoro?

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, rana ta fara dukan ƙwaƙwalwa, sama tas babu ko ƙyallin gajimare. Sallau yana gyaran danga a tsakar gida. Sai ya ga inuwarsa ta rabu biyu. Ya ɗaga kai, ya ga wani farin haske ya tsaga sama daga gabas yana jan wutsiyar hayaƙi. Can bayan ya ɓace sai ƙara ta biyo, wata irin rugugi da ta girgiza kwanukan rufi, ta sa jakuna suka tsinke igiya. Daga nan wani abu ya zo da shuuu kamar an wurga majajjawa, ya daki turken tumaki.

Ragon Tijjani ne ya samu. Ya karya masa gadon baya, ya nutse cikin ƙasa. Ragon yana ta shure-shure da ƙafafun gaba, jini na fita ta hancinsa.

Kafin ƙura ta lafa maƙwabta sun cika gidan. Suka yi da'ira daga nesa, babu mai matsawa. A garin nan kowa ya tashi da sanin cewa abin da aradu ta bari ba a taɓa shi, sai an kira maƙeri ya zo ya zuba nono ya ɗauke gatarinta. Wanda ya taɓa kafin nan, ita ma za ta bi shi. Maƙerin kuwa ya tafi cin kasuwar Waca.

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. "Wayyo! Kwana huɗu cif. Ba hadari ba iska."

"Dutse ne!" Sallau ya ce da ƙarfi. "Jama'a, irin dutsen nan ne da rediyo ke faɗa. Ku je ku tambayi Mushe!"

Babu wanda ya ko dube shi. Duk idanu na kan Tijjani, wanda ya tsaya a ƙofar ɗakinsa baki buɗe. Can daga wajen masallaci aka jiyo muryar Husaini yana kururuwa, da ƙarar ƙafafu masu yawa.

Tijjani ya kama hannun ubansa. "Baba, bari in tsallake danga in bi ta cikin rake. Ba su kama ni."

"A'a. Shiga ramin."

"Baba, ramin nan kowa ya san shi!"

"Na ce ka shiga! Don irin wannan rana na haƙa shi."

Tijjani bai taɓa ƙin maganar ubansa a gaban mutane ba. Ya zagaya baya ya sauka. Sallau ya ja wani tsohon kwanon rufi ya rufe ƙofar, ya dawo ya tsaya a bakin zaure ya ware hannuwa.

Sun fi mutum talatin. Husaini a gaba da 'ya'yansa uku, sai samarin lambu riƙe da fartanya da gora.

"Sallau, kauce. Allah da kansa ya yi shari'a, mu cikawa kawai za mu yi."

"Husaini, tare aka yi mana kaciya da kai. Ka tsaya a kira jandarma daga Dungas."

"Jandarma sun fi aradu gaskiya?"

Babban ɗan Husaini ya ɗaga ƙotar fartanya. Sallau ya kare kansa da hannun dama, ya ji ƙashin ya ce ƙas. Suka bi ta kansa suka wuce. Wani ya taka masa baki, ya ji haƙori yana yawo a kan harshensa.

Ko ɗaki ɗaya ba su leƙa ba. Kai tsaye suka nufi ramin da suka yi wata guda suna yi wa dariya. Suka yaye kwanon, suka zare tsanin suka jefar. Suka sa fartanya suka kware ƙasar rufin, suka ɗaga azara ɗaya bayan ɗaya, har rana ta haska Tijjani a ƙasa, ya takure a kusurwa kusa da randar uwarsa.

"Ina injin?"

"Wallahi ban ɗauka ba!"

"Har yanzu rantsuwa yake yi! Ku ba shi!"

Tubali na farko ya fasa randar. Na biyu ya same shi a kafaɗa. Suka rushe katangar makewayi don su samu abin jifa. Wani ya ɗauko dutsen murhu, wani taɓarya. Tijjani ya yi tsalle ya kama bakin ramin, aka sa gora aka farfasa masa yatsu, ya koma. Mutum biyu suka ciccibo turmi suka sake shi daga sama. Bayan wannan ihunsa ya canza, ya zama gurnani.

Furera ta kutsa cikinsu tana yaƙushi, aka hankaɗe ta ta faɗi a kan murhu. Shekara ashirin da biyar ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, kunya ta hana, sai dai ta ce "yaron nan". Ranar ta buɗe baki iya ƙarfinta.

"Tijjani! Tijjani na!"

Wannan kiran ne ya tada Sallau daga ƙasa. Hannun dama na reto kamar ba nasa ba. Ya duba ko'ina, babu sanda, babu wanda zai taimaka. Wuri ɗaya kawai ya rage babu kowa a gidan: turken tumaki, inda ragon ya riga ya mutu.

Ya ja jiki ya isa. Ya leƙa ramin da abin ya yi, zurfinsa bai wuce kamu ɗaya ba. Ga shi nan baƙi, sumul, girmansa kamar ƙaramar gwanda. Sallau ya san abin da Mushe ya faɗa. Amma shi ma a garin nan aka haife shi, kuma yana yaro ya ga gawar wani makiyayi da aradu ta kashe, an bar ta yini guda a rana babu mai kusantar ta. Sai ya ji an sake sakin wani abu mai nauyi cikin ramin baya.

Ya ce bisimilla, ya tura hannun hagu ya ɓamɓaro shi.

Ya jira wuta ta ci shi. Babu abin da ya faru. Dutsen ko ɗumin tuwon safe bai kai ba, nauyi ne kawai da shi fiye da girmansa. Ya rungume shi a ƙirji, ya miƙe.

Tsohuwar nan ce ta fara gani. Ta ƙwalla ƙara ta ruga, zaninta na kwancewa.

"Ya ɗauka! Sallau ya ɗauki gatarin aradu!"

Suka waiwayo da tubala a hannu. Sallau ya nufo su, jini na zuba daga bakinsa har kan dutsen.

"Wa zai fara karɓa?" ya ce. "Kai ne? Ko kai, mai fartanya? Zo mana, ɗan albarka, zo ka karɓi rabonka!"

Ya miƙa shi wajen babban ɗan Husaini. Saurayin ya yar da fartanyar ya faɗa kan danga, ya tafi da ita gaba ɗaya. Sauran suka watse kamar an jefa wuta cikin kaji. Aka tattake juna a bakin zaure, wani ya bar takalmi, wani ya haura katanga ya faɗo da kai. Husaini mai ƙiba ne, ya juya zai gudu, ƙafarsa ta sarƙe da tsanin da suka jefar, ya faɗi rigingine.

Sallau ya durƙusa ya danne masa ciki da gwiwa, ya ɗaga dutsen daidai fuskarsa. Husaini ya rufe ido yana salati, fitsari ya jiƙe masa wando. Sallau ya ƙara damƙe dutsen. Sau ɗaya kawai zai sauke shi, kan nan ya fashe kamar kabewa, kuma ransa yana so.

"Sallau, don Allah. Don darajar iyayenka."

"Tashi ka maida tsanin nan. Ka sauka da ƙafarka ka fito mini da ɗana. In ka tsaya ko sau ɗaya, zan jefa maka shi a ƙeya."

Husaini ya jawo tsanin ya zura. Ya sauka yana kuka, ya ture turmin, ya goyo Tijjani. Sau biyu yana zamewa kafin ya fito da shi. Fuskar Tijjani ba ta ganuwa don jini, ƙafa ɗaya ta juya baya, amma ƙirjinsa na ɗagawa.

Furera ta ɗaura wa jaki amalanke da hannunta, ta shimfiɗa tabarma. Husaini ya kwantar da shi a kai, sannan ya ja da baya da baya har ya fita. Can nesa mutane sun yi cirko-cirko a ƙarƙashin itacen bedi, wasu har yanzu da gora. Sallau ya san da zarar sun bar gidan za a cinna masa wuta. Ya ajiye dutsen a tsakiyar ƙofar zaure inda kowa zai gani, ya hau amalanken.

Tafiyar Dungas ta ci su har bayan azahar. Furera na kora jaki, Sallau ya ɗora kan ɗansa a cinya yana kare masa rana da hula. Duk ramin da taya ta faɗa sai ya sa kunne a bakin Tijjani ya ji ko yana numfashi.

A likita, asibitin garin, aka shiga da shi ciki, aka bar su a kan benci. Wata ma'aikaciya ta zo za ta duba hannun Sallau, wanda ya kumbura ya yi kamar gora, ya ce a bar shi tukuna. La'asar ta yi, aka kira salla, bai motsa ba.

Sai can majo, babban ma'aikacin wurin, ya fito yana goge hannu.

"Kai ne uban?"

"Ni ne."

"Idon hagu ya tafi. Ƙafar kuma sai an kai shi Damagaram. Amma zai tashi, in Allah ya so. Ya farka ma, yana tambaya ko an taɓa tsohuwarsa."

Furera ta zame daga bencin ta kifa goshi a ƙasa. Sallau ya miƙe tsaye. Ya tallafo karyayyen hannun da na hagu, ya miƙa wa majo.